Ziyara Ta Zo Gidan Maman Ziyara

A majami'ar nan ba a yin ciwo a ɓoye. In zazzaɓi ya kama mutum ranar Litinin, kafin Laraba an sa shi a addu'a, ranar Asabar kuwa mata sun cika masa falo da ganga da kacau-kacau. Wannan tsari ba daga sama ya faɗo ba. Mace ɗaya ce ta gina shi da hannunta, har sunanta na gaskiya ya ɓace a cikinsa. Kowa Maman Ziyara yake ce mata, har Fasto, har mijinta in yana son tsokanarta.

Kafin ta karɓi shugabancin ƙungiyar mata, duba marar lafiya aikin tsofaffi biyu ne. Su sayi lemon zaƙi, su zauna a bakin gado, su yi addu'a a hankali, su tashi. Maman Ziyara ta ce wannan lalaci ne aka sa wa rigar ibada. Ta ɗinka wa mata kaya iri ɗaya, farar riga da shuɗin ɗankwali, ta kafa dokoki. Ba a zuwa ɗaiɗai, ƙungiya gaba ɗaya take zuwa. Marar lafiya ba ya karɓar baƙin Ubangiji a kwance, sai an fito da shi falo an zaunar da shi a kujera. Kowace mace sai ta ɗora masa hannu a ka. Masu gida kuma su kawo abin jiƙa maƙogwaro, don kada a hana su ladan karɓar baƙi. Daga ƙarshe sai hoto.

Hoton nan shi ne ƙashin bayan al'amarin. A bakin ƙofar majami'a akwai allo mai gilashi, an rubuta a samansa da jan fenti: Ayyukan Ƙauna. Duk hotunan ciki iri ɗaya ne. Mata sun jeru, haƙora a waje, a tsakiyarsu wani bawan Allah ido ya faɗa, wuya ya karkace, hannuwa sun yi masa rumfa a ka. Yawancin na tsakiyan nan yanzu suna maƙabarta. Ba wanda ya taɓa zama ya haɗa wannan da wancan. Da maza suka ga mata sun cinye allo, su ma suka fara tasu ziyarar, mawaƙa suka bi, matasa suka bi da lasifika. Wanda ya kwanta a ikilisiyar nan sai ya yi da gaske kafin ya samu damar yin jinya.

Mutum ɗaya ce ta taɓa ƙi. Wata gwauruwa ce mai wanki da guga. Da tsohuwarta ta kwanta, ta ji ana shirin zuwa, sai ta roƙi maƙwabciya ta garƙame musu ƙofa da kwaɗo ta waje, su suna ciki. Mata suka iso, suka ga kwaɗo, suka juya za su tafi, sai tsohuwa ta yi tari. Tarin nan ya tona asiri. A taron mata na gaba Maman Ziyara ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta ce, "Duk wanda ya kulle ƙofa a fuskar 'yan ziyara, ba mu ya kulle wa ba, Ubangiji ya kulle wa." Aka yi tafi. Daga ranar sunan mai wankin ya koma Kwaɗo, ta koma benci na ƙarshe, wasu ma suka janye mata wankinsu. Tsohuwar tata ta warke ta ƙara shekaru masu kyau a duniya, abin da ikilisiya ba ta taɓa yafe mata ba.

Mijin Maman Ziyara mai gyaran agogo ne. Shagonsa kusa da tasha bai fi kabad faɗi ba: teburi, fitila, ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido, da gwangwanaye cike da ƙananan ƙusoshin da sai an riƙe numfashi ake ɗauka. Mutum ne da in ya yi magana sau uku a yini to an yi hira. Wata safiya ya sunkuya zai sa takalmi, sai ya dafe ƙirji ya zame ƙasa kamar an zare masa ƙashi.

A asibiti likita ya ja Maman Ziyara gefe. Ba shi da lokacin zagaye-zagaye.

"Zuciyarsa ce, Mama. Ta tsallake wannan, ban ce za ta tsallake na gaba ba. Ba hayaniya, ba taro, ba tayar da shi zaune sai da dalili. In kina son ki ci gaba da zama matar aure, ki hana shi baƙi."

"Amma addu'a fa, likita?"

"Allah yana ji daga nesa."

Da aka sallamo su ta shimfiɗa masa gado a ɗakin ciki, ta rage labule, ta jera magunguna a kan kujera. Ya daɗe yana kallon rufi, sannan ya ce, "Maman yara, alkawari ɗaya nake so."

"Faɗi, Baban yara."

"Kada ki bari a sa ni a allo."

"Wane allo kuma?"

"Kin sani. Duk wanda ya kawo mini gyara ya shiga allon nan, 'ya'yansa ne suke zuwa karɓar agogon."

Ta ce masa ciwo bai hana shi saɓo ba. Amma ta yi alkawarin, domin ta ga yadda leɓɓansa suka yi fari. Ranar Lahadi ta tafi sujada ita kaɗai, duk wanda ya tambaya ta ce Maigida ya tafi duba ƙanensa. Matar da ta yi shekaru tana tsawata wa masu ɓoye ciwo ta yi ƙarya a farfajiyar majami'a, bakinta bai ko yi nauyi ba.

Sai dai tana da mataimakiya. Matar dattijon ikilisiya ce, mai sanyin murya da kaifin ido, wadda ta gaji da tsayuwa a gefen hoto. Ranar Talata ta biyo ta gidan, wai ta zo karɓar kacau-kacau. Maman Ziyara ta tare ta a bakin ƙofa, ta miƙo mata kayan ta ƙi matsawa. Mataimakiya ta dubi ƙasa. Takalmin mai agogo yana nan a gefen tabarmar goge ƙafa, baƙi, an sha yi masa faci, kuma duk ikilisiya ta san ba shi da wani.

A wannan majami'a ba a gulma. An haramta ta daga bagade inda Fasto yake wa'azi, an haramta ta a taron mata. Abin da ake yi shi ne roƙon addu'a. Ranar Laraba da yamma, kowa ya rufe ido ya buɗe kunne, Mataimakiya ta ɗaga murya mai rawa.

"Ya Ubangiji, kai ne masanin ɓoye. Ka san ɗan'uwanmu mai agogo da aka ce ya yi tafiya. Ba mu san irin tafiyar da mutum yake yi ya bar takalminsa a bakin ƙofa ba, amma kai ka sani."

"Amin!" in ji mai kemis daga ɓangaren maza, ya karɓe addu'ar tun ba a ba shi ba. "Ka kuma san maganin zuciya da aka saya a shagona aka ce na maƙwabci ne. Ka taɓa maƙwabcin nan, ya Uba, ko wane ne shi, ko a wane ɗaki yake kwance."

Amin ɗin da aka amsa ranar ta fi ta kowace Laraba ƙarfi. Maman Ziyara tana durƙushe, ido a rufe, tana jin idanun mutane a ƙeyarta duk da cewa kowa ya rantse nasa a rufe yake.

Da aka tashi Fasto ya tare ta. Mutumin kirki ne, amma tsoron ƙungiyar mata ya fi tsoron komai yawa a zuciyarsa.

"Haba Mama! Tawali'unki ya yi yawa. Ke da kika taka gidan kowa, sai naki ne za a bari? Baba yana kwance mu muna nan ba mu sani ba?"

"Fasto, likita ya ce..."

"Likita na jiki ne, Mama," in ji Mataimakiya, ta riƙo hannunta da hannu biyu. "Ke kika koya mana."

Nan take Fasto ya sanar. Saboda girman Mama, ba za a raba ziyarar ba. Mata da maza da mawaƙa da matasa duk za su taru ranar Asabar, ziyarar da ba a taɓa yin irinta ba. Aka yi tafi. Ya kamata a ce tsoro ne kaɗai ya kama Maman Ziyara a lokacin. Ba haka ba ne. A ƙarƙashin tsoron akwai wani zaƙi. Ta hango hoton, babba, a tsakiyar allo, a falonta. Ta buɗe baki ta ce a'a, sai ta ji kanta tana cewa, "Na gode."

A gida ta daɗe tana juya cokali a kofin shayi kafin ta gaya masa.

"Na ɗan lokaci ne, Baban yara. Su yi waƙa ɗaya, a ɗauki hoto, ka koma ka kwanta. Yaya zan yi? Ni na kafa abin. In na hana, da wane ido zan dubi mutane?"

"Ɗan lokaci," ya ce. "Agogon hannunki ni na gyara shi. Ban taɓa jin an ce kin dube shi a gidan marar lafiya ba."

Ya juya ya fuskanci bango. Bai tuna mata alkawari ba. Da ya tuna mata da ta samu abin yin faɗa a kai.

Ranar Asabar tun da safe ta share gida, ta wanke labule, ta sayo lemon kwalba da biskit, ta goge masa farar rigarsa ta zuwa sujada. Ta jawo babbar kujera tsakiyar falo inda haske ya fi faɗowa. Falon cike yake da agogon bango, waɗanda masu su suka kawo gyara ba su dawo ba, kowane yana tafiyarsa. Ta goge su ɗaya bayan ɗaya don su fito a hoto.

Tun daga kan kwana ta jiyo gangar. A da in ta ji wannan sauti ƙirjinta buɗewa yake, domin ita ce a gaba. Yau daga ciki take jinsa, yana matsowa, gilashin taga yana amsawa. Suka shigo kamar an ɓalle famfo. Mata suka cinye kujeru, maza suka tsaya a jikin bango, mawaƙa suka cika baranda, matasa suka cire wayar firij suka sa ta lasifika.

Ba ta taɓa tsayuwa a wannan gefen ba. Ta ga wata tana shafa labule tana tambayar inda aka saya. Ta ga wata ta leƙa kicin ta ɗaga murfin tukunya. Ta ga biyu suna ture juna a kan wadda za ta tsaya daf da babbar kujera. Kwalabe suka ƙare kafin a gama waƙar farko, wani dattijo ya ɗaga tasa yana tambaya ko babu mai sanyi. Tsakanin waƙa da waƙa aka shiga ta'aziyyar da ake yi wa mai rai.

"Irin ciwon nan ne ya ɗauki wan mijina. Yana cikin dariya fa."

"Namu ma haka. An ce ya samu sauƙi, har ya ci abinci."

"Sai dai haƙuri, Mama. Ki fara sanin inda yake ajiye mabuɗin shago."

Bangon da ke tsakanin falo da ɗakin ciki bulo ɗaya ne. Ta san yana jin kowace kalma. Ta kuma san ita ma ta sha faɗin irinsu a falon wasu, tana ganin ƙarfafa zuciya take yi.

Mai hoto ya taɓo ta. "Mama, haske zai tafi. A fito da Baba."

"A fito da Baba!" in ji Mataimakiya, mai ganga ya ƙara wuta.

Ta shiga ɗaki ta turo ƙofa. Ta zaci za ta same shi a kwance ta yi ta lallashi. A zaune ta same shi a bakin gado, ya riga ya zura farar rigar da kansa. Gumi ya jiƙa wuyanta. Yana ƙoƙarin sa maɓalli. Yatsun nan da suke ɗaukar ƙusar da ba ta kai ƙwayar yashi ba, sun kasa samun ramin maɓalli. Duk dukan ganga sai ya runtse ido kamar a kansa ake bugawa. Ya ɗago, fuskarsa launin toka.

"Taimaka mini da wannan, Maman yara," ya ce. "Kada in ba ki kunya."

Ta tsaya. Shekara da shekaru suna tare, mutumin nan bai taɓa neman komai a wurinta ba sai abu ɗaya, ita kuma ta goge masa rigar da za a karya alkawarin a ciki. Ta durƙusa a gabansa. Maɓalli ɗaya da ya samu ya sa, ta ɓalle shi. Ta zare rigar, ta kwantar da shi, ta ɗaga masa kai da matashi, ta goge masa gumi da shuɗin ɗankwalinta. Sannan ta fito, ta ja ƙofa, ta murɗa mabuɗi, ta jefa shi cikin rigarta inda ba dattijon da zai bi shi.

"Ba zai fito ba," ta ce.

Ba wanda ya ji. Ta taka ta fizge sandar daga hannun mai ganga, ta finciko wayar lasifika daga bango. Shirun da ya biyo baya har ƙarar agogo aka ji.

"Na ce ba zai fito ba. Mun gode. Ku tafi gida."

"Mama, wasa kike yi," in ji Mataimakiya, tana murmushi tana duban jama'a. "Marar lafiya ba ya karɓar baƙin Ubangiji a kwance."

"To kada ya karɓa."

"Mama," in ji Fasto, yana share goshi, "a samu tsaka-tsaki mana. Ko mutum biyar su shiga su ɗora hannu?"

"Ko ɗaya."

"To ko ya miƙo hannu ta taga," in ji mai hoto, "in ɗauko daga waje. Zan san yadda zan haɗa."

"Ka miƙa naka in ga yadda za ka koma da shi."

Mataimakiya ta daina murmushi. Ta gyara tsayuwa, ta gyara ɗankwali daidai yadda Maman Ziyara take gyarawa, domin ta daɗe tana koyo. Ta ce, a hankali, don kowa ya ji, "Duk wanda ya kulle ƙofa a fuskar 'yan ziyara, ba mu ya kulle wa ba. Ko ba haka kika ce ba, Mama? Wa ya kulle wa?"

"Ubangiji!" mata suka amsa baki ɗaya.

"In shi na kulle wa, ya san hanyar shiga," in ji Maman Ziyara. "Ku ne ba ku da hanya. Ku tattara ku fita mini daga gida."

Aka yi salati irin na majami'a, aka riƙe baki, wata ta ce Shaiɗan ba ya kunyar kowa. Amma ba su fita nan da nan ba. Akwai sauran biskit, kuma ziyarar da ba hoto ba ziyara ba ce, yawo ne. Maman Ziyara ta nemi wurin zama, ba kujerar da ba kowa sai babbar ta tsakiya. Ta faɗa ciki, kai ba ɗankwali, gashi a tsaye, sandar ganga a hannu. Mataimakiya ta dubi mai hoto, mai hoto ya dube ta.

"'Yan'uwa, ai ga marar lafiyar nan," ta ce. "Ku matso."

Kafin ta yunƙura hannuwa sun rufe mata kai, masu gumi, masu maiƙon biskit, suna danna ta ƙasa. Ba ta taɓa sanin hannu yana da nauyi haka ba. Haske ya walƙa. Sannan suka fita suna waƙa, suka bar mata kwalabe da firij yana zubar da ruwa.

Washegari ta je sujada a makare, don sai da ta ga ya sha magani ya yi barci. Hoton ya riga ta isa. Yana tsakiyar allo, babba, a falonta, kamar yadda ta hango. Mataimakiya ce a tsaye daf da kujera. A ciki ta tarar an zauna a wurinta na gaba, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ji sanarwa. An sauke wa Mama nauyin shugabanci don ta huta. Matar Dattijo za ta riƙe. Kuma tun da 'yar'uwarmu tana cikin gwaji mai tsanani, mata za su ziyarce ta Asabar mai zuwa. Maza suka ce su ma ba a ba su damar ɗora hannu ba, za su biyo.

Ranar Litinin ta ɗaura tsohon ɗankwali ta bi lungun bayan kasuwa. Ɗakin mai wankin yana ƙarshen layi, igiyoyi sun ratsa tsakar gida, zannuwan gado suna ɗiga. Ta same ta a tsaye gaban teburi tana hura dutsen guga, ƙamshin sabulu da gawayi ya cika wurin. Matar ta ɗago, ta dube ta sama da ƙasa, ta ci gaba da guga.

"A'a. Mama da kanta? Ina gangar? Ba wanda yake ciwo a nan."

"Ni kaɗai ce."

"Na ga hotonki. Kin yi kyau. Sandar ce ta fi burge ni."

Maman Ziyara ta zo da magana mai tsawo a bakinta, ta shirya ta tun daga gida, amma da ta buɗe baki abin da ya fito shi ne, "Kwaɗon nan yana nan?"

"Wanne? Ni, ko na ƙarfen?"

Mai wankin ta bar ta a tsaye har ta gama hannun riga ɗaya, ta juya ta gama ɗayan, ta ninke, ta ajiye. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da shi, babba, ya ɗan yi tsatsa, mabuɗin a ɗaure da tsumma. Ta ajiye a kan teburi. Maman Ziyara ta miƙa hannu, sai matar ta dafe shi.

"Wa zai kulle ku?"

"Ni mana."

"Ta waje? Kina ciki? Shugabar mata guda, ba ki san yadda ake rufe ƙofa ba. Sai da wani a waje, Mama. Abin ba ya yiwuwa mutum ɗaya." Ta tura mata kwaɗon. "Zan zo da hantsi in kulle ku, in dawo da yamma in buɗe. Ki kwashe takalminsa daga bakin ƙofa. Ki ba shi ruwan ɗumi kafin su iso. Ni tari ne ya kashe ni."

"Na gode, ƙanwata."

"Kada ki gode. Ki dawo mini da wankinki da kika janye."

Haka aka yi. Ranar Asabar suna ciki, labule a sauke, suka ji ganga ta taso daga kwana ta zo ta tsaya. Suka ji an girgiza kwaɗo. Suka ji sabuwar shugaba ta faɗi maganar nan ta kulle ƙofa, mata suka amsa. Maman Ziyara tana zaune a bakin gado da kofin ruwan ɗumi a hannu, a shirye. Ba a buƙace shi ba. Mai agogo barci yake, bakinsa a ɗan buɗe, ƙirjinsa yana hawa yana sauka a hankali. Da aka rasa na tsakiya, sai aka jeru aka ɗauki hoton ƙofar.

Asabar ta bi Asabar, kwaɗo yana zuwa da hantsi yana tafiya da yamma, har jama'a suka gaji, wani kuma ya kwanta a wata unguwa suka koma can. Mai agogo ya fara zama, ya fara takawa zuwa baranda. Wata safiya ya sa maɓallan rigarsa da kansa tun daga wuya har ƙasa, ya sunkuya ya sa takalminsa, ya tafi ya buɗe shago.

Lahadin da ya koma sujada aka ba da lokacin shaida. Matar Dattijo ta fito gaba da farar riga da shuɗin ɗankwali. Ta ce ikilisiya ta ga ikon ziyara da idonta. An kulle ɗaki, an kulle gida, amma addu'ar 'yan ziyara ta ratsa bulo ta ratsa ƙarfe, ga ɗan'uwanmu nan a zaune da ransa. Ta ce wannan ya nuna ba a yin ziyara yadda ya kamata, daga yanzu sau biyu za a riƙa zuwa a mako. Majami'a ta ɗauka da tafi, mai ganga ya buga.

A benci na ƙarshe mata biyu suna zaune, waɗanda yanzu ake kira Babbar Kwaɗo da Ƙaramar Kwaɗo. Mai wankin ta zunguri ta kusa da ita da gwiwar hannu.

"Ki ce amin mana, Mama. Ke kika koya musu."

Maman Ziyara ta dubi ɓangaren maza. Mijinta yana can a zaune, ya karkatar da kai yana sauraron agogon wani da aka miƙo masa a ɓoye ta ƙarƙashin benci. Ta juyo ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ki sa wa kwaɗon nan mai. Zai sha aiki."